Littafin jinyar Adda: abin da muka cire da abin da muka ƙara

12 Janairu 2025

Sakamakon gwajin jinin Adda ya fito a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe. Likita ta ce tayirod ɗinta ne ke aiki fiye da kima. Tayirod wata 'yar halitta ce mai ɓari biyu a gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, ita ce ke kumbura a ce mutum ya yi maƙoƙo. Aikinta fitar da sinadarai biyu, T4 da T3, waɗanda ke tsara saurin bugun zuciya da narkar da abinci da zafin jiki. Akwai kuma TSH, wanda ke fitowa daga wata halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa yana ba tayirod umarnin aiki. Na Adda ya faɗi ƙasa warwas, su kuwa T4 da T3 sun haura. Likita ta kwatanta mata da abin da ta sani, ta ce kamar ta ɗora ƙafa a kan keken ɗinkinta ne ta ƙi ɗagawa, dare da rana.

Sai yanzu muka gane abin da muke gani tun bayan damina. Tana ci sosai tana ramewa. Ana tsakiyar hunturu kowa ya duƙunƙune a bargo, ita tana neman fanka. Bacci ya ƙaurace mata, abu kaɗan ta hau faɗa, hannunta na rawa har zare ya gagara shiga allura. A unguwa an yi ta ƙus-ƙus, wasu su ce ciwon suga ne, wasu su ce sammu, wasu ma su faɗi abin da ba zan rubuta ba. Ashe cutar Graves ce, inda garkuwar jiki ke zuga tayirod da kanta. Wani likita ɗan ƙasar Ayilan, Robert Graves, ya yi bayaninta a 1835, kuma ta fi kama mata nesa ba kusa ba.

An ba ta magani biyu: karbimazol mai hana tayirod haɗa sinadarin, da furofaranolol mai lafar da bugun zuciya da rawar hannu. Kafin a rubuta na biyun sai da aka tambaye ta ko tana da asma, don ba a ba mai asma shi. An ce jinyar karbimazol takan kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Na tambayi likita abin da za mu iya yi a gida, don na san 'yan uwa ba za su zauna haka ba, kowa zai zo da nasa ƙullin. Ta ce in buɗe littafi in riƙa rubuta bugun zuciyarta da safe kafin ta sauko daga gado, da nauyinta duk mako, da duk abin da ya shiga bakinta wanda ba abinci ba ne. Yau bugun 118 a minti, na mai lafiya kuwa idan yana hutawa tsakanin 60 ne da 100. Nauyi kilo 51.

19 Janairu

Goro ya fita, kuma shi ne yaƙin wannan makon. Adda ba ta zama a kan keke sai da goro a kumatu, ga shayi mai kauri safe da yamma, ga Nescafé idan ɗinki ya taru. Duka ukun suna da sinadarin da ke hana bacci yana ƙara wa zuciya gudu, ita kuma tata zuciyar ba ta neman ƙari. Lemon kwalba baƙi da abubuwan shan nan na ƙara kuzari su ma mun sa su a layi.

Ta yi ciwon kai na wasu kwanaki, ta ce da ni: "Ke dai, Auta, tunda aka ba ki littafin nan kika zama 'yar sanda." Na ce na karɓi muƙamin. Madadin shayin muna dafa mata na'a-na'a da 'yar citta, ba ganyen shayi a ciki.

26 Janairu

Goggo ta zo daga Kumo da jiƙo a galan, baƙi ƙirin, ta ce wani mai magani ne ya haɗa, an jarraba shi a kan mai maƙoƙo. Na ce: "Goggo, me da me aka sa a ciki?" Ta ce ai ba a tambayar mai magani sirrinsa. Adda ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, bayan tafiyarta muka ajiye shi a bayan ɗaki.

Ga dalilina, don kada a ce na raina maganin gida. Maƙoƙo ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ke zuwa saboda jiki ya rasa ayodin, sinadarin da tayirod ke haɗa T4 da T3 da shi, kuma shi ne iyayenmu suka fi sani. Mai irin wannan idan ya sami ayodin sai ya ji sauƙi. Na Adda akasinsa ne: tayirod ɗinta a zuge take, duk ayodin ɗin da ya wuce buƙata kayan aiki aka ƙara mata. Ke nan abin da ya taimaki maƙwabciyar Goggo zai iya kwantar da Adda. Ga hanta kuma, wadda karbimazol kansa kan taɓa a wasu mutane, ba na son a ɗora mata abin da ba mu san sunansa ba.

Bugu 102. An ce kada mu ruɗu da saukarsa, aikin furofaranolol ne. Karbimazol sai ya ɗauki mako huɗu zuwa takwas kafin a ga tasirinsa, domin tayirod na da ajiyar sinadarin da ta riga ta haɗa, sai ya ƙare tukuna.

2 Fabrairu

Maganar gishiri. Hamma, mijin Adda, ya ji an ce ayodin ne matsala, sai ya ce a daina sayen gishirin leda a gidan, a koma manda ko wani gishirin gargajiya. Na kai maganar asibiti. Likita ta ce a bar gishirin gida yadda yake. Babban mutum na buƙatar maikurogiram 150 na ayodin a rana (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), kuma ɗan abin da ake barbaɗawa a miya ba shi ne ya kawo ciwon ba, ba kuma shi zai hana magani aiki ba. Ga yara uku a gidan da ƙwaƙwalwarsu ke buƙatarsa, shi ya sa ma doka ta wajabta sa shi a gishirin da ake sayarwa a Nijeriya, hukumar NAFDAC na sa ido. Ƙaurace wa ayodin sosai ana sa mutum ya yi shi ne na ɗan lokaci idan za a yi masa jinyar ayodin mai tururin nukiliya, kuma mu ba mu kai can ba.

Abin da ta hana shi ne tulin ayodin a lokaci guda: ƙwayoyi da garin ciyawar teku da 'yan kasuwar intanet ke tallatawa da sunan gyaran tayirod, da ƙwayoyin ƙarin lafiya masu ɗauke da ayodin. A wajen kifi kuwa ba mu sha wahala ba. Na teku, irin su sardin da kifin ƙanƙara, ya fi namu na ruwan daɗi ayodin, mu kuma ga madatsar ruwan Dadin Kowa a kusa, tarwaɗa da karfasa ba sa yankewa a kasuwa. Ba a haramta mata na teku ba, mun dai rage.

16 Fabrairu

Na zauna na bi duk ganyayen da aka turo mana a waya ɗaya bayan ɗaya, don saƙonni sun yi yawa kuma kowa da tabbacinsa.

Kabeji shi ya fi yawan masu goyon baya. Gaskiya ne yana da sinadaran da ke ɗan rage wa tayirod ɗaukar ayodin, haka rogo, haka ma geronmu. An yi bincike a Darfur ta yammacin Sudan, inda gero ne abincin yau da kullum, aka ga yana da hannu a yawan maƙoƙon da ke can tare da ƙarancin ayodin. Wannan ya ba ni mamaki, mu da muka tashi da fura da kunun gero. Amma wannan tasiri ne da ke taruwa a hankali cikin shekaru a jikin wanda ayodin bai ishe shi ba. Bai isa ya tare tayirod ɗin da garkuwar jiki ke zugawa ba, kuma dafuwa na rage ƙarfin na kabeji. Adda na cin kwaɗon kabeji tana shan fura don tana so kuma suna ƙosar da ita. Ban rubuta su a shafin magani ba.

Akwai wasu ganyaye biyu dangin na'a-na'a da Turawa ke amfani da su tun da can a kan wannan ciwo. A ɗakin gwaje-gwaje an ga suna taɓa aikin tayirod, sai dai gwajin da aka yi a jikin mutane kaɗan ne ƙwarai, kuma ba a nan ake nomansu ba. Abin da za a aiko maka a kwalba daga Legas ba ka da hanyar sanin ƙarfinsa. Na tsallake su.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne ashwaganda, saiwar Indiya da wata ƙawar Adda ta kawo don ta ji tana kukan rashin bacci. Ita ƙara sinadarin tayirod take yi, har an sami waɗanda ta jefa cikin irin ciwon da muke jinya. Mun mayar mata da kayanta cikin mutunci.

Sai habbatus sauda da zuma, waɗanda ba wanda zai raba gidan Musulmi da su. Inna ta ce ba za a bari ba, ni ma ban ce a bari ba. Na gaya wa likita, ta ce ɗan abin da ake sa wa a abinci ko a lasa da safe ba ta da ja a kai, amma kada a sha mansa cokali-cokali, kuma kada ya hau kujerar karbimazol. Malamin islamiyyarmu ma da Inna ta tuntuɓa cewa ya yi zuwa asibiti na cikin neman maganin da aka umarce mu, a haɗa da addu'a. Zogale da kuka da rama kuwa abinci ne, tana ci kamar kowa.

Bugu 92. Nauyi 52. Jiya ta zura zare a allura ba tare da ta kira 'yarta ba.

23 Fabrairu

Abin da aka ƙara, tunda na cika lissafin abin da aka cire. Wannan ciwo yana cin tsoka yana cin ƙashi. Adda ta kai sai ta dafa gwiwa kafin ta miƙe daga tabarma, cinyoyinta sun saki. Don haka kullum akwai ƙwai ko wake ko kifi ko nama a kwanonta, da ƙosai ko alala da safe, da gyaɗa da riɗi a gefen keke inda goro yake zama a da. Don ƙashi kuma nono da kindirmo da cuku, ga miyar kuka wadda ganyenta ke da kalsiyam. Nonon da muke saye a wajen Fulani sai mun tafasa idan ɗanye ne. Tana zama a rana da hantsi na ɗan lokaci saboda bitamin D, abin da mai zaman shago da hijabi ba ta cika samu ba.

Motsa jiki tafiya ce kawai a tsakar gida bayan asuba. An hana ta abin da zai sa ta haki har sai bugun ya daidaita.

8 Maris

Azumi ya kama ranar 1 ga wata, zafi kuma ya fara shigowa. Gwajin mako shida ya nuna T4 ya sauko amma bai shiga gida ba, wato bai koma daidai ba. Likita ta ba da shawarar kada ta ɗauki azumi yanzu: har yau tana zufa sharkaf, tana shan ruwa da yawa, kuma furofaranolol ɗinta an raba shi ne cikin yini. Adda ta yi kuka, ba ta taɓa shan azumi ba sai don haihuwa ko al'ada. Baffa ya zo ya karanta mata ayar Baƙara da ta yi wa marar lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki, ya ce: "'Yata, karɓar sauƙin da Allah ya yi miki shi ma biyayya ne." Ta yi shiru ta share hawaye.

Matsalar gaske ita ce ɗinkin Sallah. Kowace shekara takan kwana a kan keke goman ƙarshe. Bana mun yanke cewa rabin abin da ta saba za ta karɓa, sauran ta tura wa yarinyar da ta koya wa aiki, kuma ƙarfe goma na dare a rufe shago. Wasu masu kaya sun ji haushi. Rashin bacci da tashin hankali na rura alamomin ciwon, na gani a littafi da idona: duk daren da ta yi dogon zama, washegari bugun sai ya ƙaru.

2 Afrilu

An yi Sallah ranar 30 ga Maris, washegari Adda ta tashi da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro. Hamma ya ɗauko maganin zazzaɓin cizon sauro zai ba ta, na ce: "Hamma, yi haƙuri, wannan sai an ga jini." Tun ranar farko aka ja mana kunne cewa karbimazol, a mutane ƙalilan, yakan karya fararen ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta, kuma alamarsa ke nan: zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, gyambo a baki. Umarnin shi ne a dakatar da maganin nan take a je a auna jini a ranar, ba a jira gobe ba. A garin da kowane zazzaɓi sauro ake ɗora wa, wannan gargaɗi yana da sauƙin mantawa, shi ya sa na rubuta shi da jan biro a bangon littafi, tare da na idanu su yi rawaya ko fitsari ya yi duhu, wanda ke nuna hanta.

Fararen ƙwayoyin sun fito lafiya lau. Sauron ne kuwa, da mura a kai. An ba ta magani, an ce ta ci gaba da karbimazol.

19 Afrilu

Zafin Afrilu a Gombe sai wanda ya gani. Tana kwana a tsakar gida cikin gidan sauro, randa kusa da ita, tana watsa ruwa kafin ta kwanta. Bugu 84.

Idanunta ne abin lura yanzu. Suna mata ƙaiƙayi kamar da yashi a ciki, suna hawaye, na dama ya ɗan fito. Cutar Graves kan taɓa naman bayan ido, kuma hakan na iya tafiya da kansa ko da jini ya daidaita. An tura ta wajen likitan ido, ya ce mai sauƙi ne. Ya ba ta ruwan ɗigawa mai jiƙa ido, ya ce ta sa baƙin tabarau idan za ta hau Keke Napep, ta ƙara matashi don kai ya ɗaga da dare. Ya tambaya ko akwai mai shan taba a gidan, don taba ita ce babbar mai tsananta wannan ciwon ido. Babu. Turaren wuta dai Adda ta rage da kanta, hayaƙin na sa ta hawaye.

A nan ne kaɗai na ga wani abu da ba maganin asibiti ba yana da hujja mai ƙarfi a bayansa. A 2011 an buga wani bincike da likitocin Turai suka yi, inda masu ciwon ido mai sauƙi na Graves suka sha seleniyom, wani ma'adini da jiki ke buƙata kaɗan, maikurogiram 200 a rana tsawon wata shida, idanunsu suka fi na waɗanda ba su sha ba samun sauƙi. Likitan ya rubuta mata shi na wata shida, ya ce kada ta wuce, don yawansa guba ne, yana zubar da gashi yana lalata farce. Ya kuma ce ido yake taimaka wa, ba ya sauke T4.

17 Mayu

T4 da T3 sun shiga gida, alhamdu lillahi. TSH har yanzu yana ƙasa, an ce haka yake yi, yakan yi watanni kafin ya farfaɗo, don haka da T4 ake auna tafiyar. An rage karbimazol, an fara janye furofaranolol a hankali, don ba a yanke shi rana ɗaya.

Kafin gwajin an tambaye ta ko tana shan ƙwayar gyaran gashi da farce. Gashinta ya zube a watannin baya, kuma an sha kawo mata tallar irin waɗannan. Yawancinsu akwai bayotin a ciki, wani nau'in bitamin, shi kuma yana rikita na'urar gwajin, ta nuna tayirod na gudu ko da ba ta yi. Mai sha sai ya dakata aƙalla kwana biyu kafin a ɗebi jini. Ita ba ta sha.

An kuma yi wata magana da Adda ita kaɗai, daga baya ta gaya min. Idan suna son ƙarin haihuwa, ta faɗa tun kafin ciki ya shiga, saboda karbimazol na iya illata jariri a watanni ukun farko, akwai wani maganin da ake canza wa mace a lokacin. Sun shawarta da Hamma za su dakata.

8 Yuni

Goggo ta zo Babbar Sallah ta ga Adda ta yi ƙiba, fuska ta ciko, ta ce: "Kin gani ko? Na ce miki jiƙon nan ba ya ƙarya." Muka haɗa ido da Adda, ba wadda ta tanka. Inna ce ta canza zancen zuwa suyar nama.

Wani sabon abu kuma: tunda ta ji sauƙi, masu cewa ta ajiye ƙwayar asibiti sun fi na da yawa. Sun ce ai ta warke, sauran a bar wa zuma da zogale. Sauƙin nan maganin ne ke riƙe da shi. Ko waɗanda suka cika wata 12 zuwa 18 suna sha, kusan rabinsu ciwon na dawo musu bayan an tsayar, sai a koma magani ko a yi maganar tiyata ko ayodin mai tururi. Wanda ya yanke a wata biyar kuwa ya san abin da ya saya. Kuma barin wannan ciwo haka nan yana rikita bugun zuciya, yana iya kaiwa ga wani mummunan tashi na zazzaɓi mai zafi da gushewar hankali wanda ke kisa.

12 Yuli

Nauyi 59, ya wuce inda take kafin ciwo da kilo ɗaya. Jiki ya daina ƙona abinci da gudu amma bakin bai sani ba, har yanzu cin watan Janairu take yi. Mun rage tuwon dare da sukarin fura, gyaɗar gefen keke ta koma ƙaramin kofi, tafiyar asuba ta fita daga tsakar gida zuwa zagaye unguwa da maƙwabciyarta. An ce mu lura da akasin ciwon ma, idan magani ya yi yawa: jin sanyi, kasala, kumburin fuska, taurin bayan gida. Na ƙara musu shafi.

Bugu 76 ba tare da furofaranolol ba. Ta fara rama azuminta Litinin da Alhamis tunda damina ta sauka gari ya yi sanyi, karbimazol sau ɗaya ne yanzu a rana, tana sha da sahur. Ta roƙi a bar mata shayi marar kauri kofi ɗaya da safe, likita ta yarda, goro dai har yanzu a'a. Idon dama bai ƙaru ba, bai kuma koma ba. Gwajin jini na gaba farkon Agusta, seleniyom zai ƙare a Oktoba, likitan ido zai sake dubawa a lokacin.